Jitar da Aka Ce ta 1948 Ce: Yadda Aka Bi Diddigin Shekarunta

Jitar ba ta da suna a ka, ba lambar masana'anta, ba wata takarda. Wani mai tara tsofaffin jitocin lantarki ƙirar hannu ne ya saye ta daga magadan wani mai gyaran rediyo a Amurka, kuma abin da suka gaya masa shi ne kakansu ya ƙera ta da hannunsa a 1948. Tare da ita aka aiko da hoto guda ɗaya, baƙi da fari, na wani mutum riƙe da ita a ƙofar gida. Mai sayen ya kawo mini ita yana son amsar tambaya ɗaya: shekarar gaskiya ce ko kuwa?

Ba don son sani kawai yake tambaya ba. A 1948 jitar lantarki mai gangar jiki ta tsurar katako, wadda ba rami a cikinta, ba ta shiga kasuwa sosai ba. Makaɗin jita Les Paul ya haɗa tasa wajajen 1940 daga guntun katako mai kusurwa huɗu, ya manna masa ɓarin jikin wata jitar Epiphone hagu da dama. Paul Bigsby ya ƙera wa mawaƙi Merle Travis tasa a 1948. Leo Fender bai fitar da Esquire da Broadcaster ba sai 1950, Gibson ta biyo baya da samfurin Les Paul a 1952, Stratocaster ta Fender kuma ta fito a 1954. Saboda haka jitar gida ta 1948 abar ajiyewa ce a gidan tarihi. Ta 1962 ko 1965 kuwa ɗaya ce cikin tarin waɗanda samari da iyayensu suka sassaƙa a garejin gida lokacin da kowa ke sha'awar Fender amma kuɗinta ya fi ƙarfin aljihu.

Siffar jikin ce ta fara jawo shakka tun kafin a kwance sukuru ko ɗaya. Tana da ƙahoni biyu, na sama ya fi tsawo, kuma an zabge gefen da hannun dama ke kwantawa. Wannan fasalin Stratocaster ne. Mutum zai iya cewa mai ƙirar ya riga Fender tunani da shekara shida, amma sai ya kawo hujja mai nauyi kafin a saurare shi. Duk da haka siffa kaɗai ba ta yanke hukunci, domin ana iya sake sassaƙa tsohon jiki daga baya. Sai aka buɗe.

Kafin maganar shekara akwai tambayar da ta riga ta: ƙirar gida ce ma kuwa? A shekarun 1960 masana'antun Japan irin su Teisco da Guyatone sun cika kasuwar Amurka da jitoci masu araha, wasu da sunan kanti, wasu da alamar da ke ɓallewa cikin sauƙi. Idan alamar ta faɗi, wani ya sake shafa fenti da buroshi, sai a ɗauka aikin gida ne. Irin waɗannan suna da alamomi: jikin yawancinsu falawud ne ko siraran katakai da aka haɗa, ramukan ciki sumul da kusurwa zagayayyu domin inji ne ya bi ma'auni ya yanke su, zaren sukurori kuma na milimita ne. Tamu ba haka take ba. Ramin da wayoyi ke zaune a ciki an fara shi ne da mahuji, huda kusa da huda, har yanzu ana ganin ɗigon tsinin mahujin a jere a ƙasan ramin, sannan aka bi da cizal aka fasa abin da ya rage tsakani. A kusurwa ɗaya cizal ɗin ya zarce ya tsaga katakon, aka cike da gam da garin zarto. Katakon kansa guda ne mai tauri, kuma a gefensa na ƙasa akwai tsofaffin huda biyu da aka toshe, irin waɗanda ake yi wa fifiken teburin cin abinci mai buɗewa. Sukurorin duk na ma'aunin inci ne. Nan an gama: hannu ne ya yi ta, a ƙasar da ake aiki da inci.

Wuyan kuwa ba aikin gida ba ne, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Wurin da mai ƙirar gida ya fi shan wahala shi ne jera firet, wato siraran ƙarafan nan da ke gicciye a wuya. Tazarar kowane ɗaya ana samun ta ne ta raba ragowar tsawon tsirkiya da 17.817, kuma kuskuren rabin milimita kunne na jin sa. Akwai masu haƙurin yin hakan da kansu. Brian May, makaɗin jitar ƙungiyar Queen, da mahaifinsa, da suka fara tasu a 1963, sun sassaƙa wuyan daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki. Amma yawancin mutane aron wuya suke yi daga tsohuwar jita da ta fashe. A tamu, an yanke dunduniyar wuyan da zarto, aka daidaita shi, aka ɗaure shi da sukurori huɗu ta baya. Ba shi da ƙarfen ciki mai murɗawa da ake miƙe wuya da shi. Da aka haska kan da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, sai inuwar wani rubutu ta bayyana a ƙarƙashin fenti, an goge shi da samfefa har ba ya karantuwa. Ƙirar ta yi kama da ta jitoci masu araha da kamfanonin Shikago, Harmony da Kay, suka daɗe suna fitarwa. Harmony kan buga tambarin shekara a cikin akwatin jita ne, ba a wuya ba, don haka shekarar ta tafi tare da akwatin da aka jefar.

Akwai wani ɗan abu da na fi jin daɗin gani a irin wannan aiki. Daga bakin wuya zuwa firet na 12 inci 12 da biyar bisa takwas ne, ma'ana tsawon tsirkiya ya kamata ya zama inci 25 da kwata. Na Fender 25 da rabi ne, na Gibson 24 da uku bisa huɗu. Da aka ɗaga jakin da tsirkiyoyi ke hawa, sai ga wasu huda biyu a bayansa da kusan rabin inci, an toshe su da tsinken ashana. Mutumin ya fara kafa jakin inda idonsa ya ga ya dace, ya ɗaura tsirkiya, ya ji sauti na kaucewa yayin da yatsa ke hawa sama, ya cire ya matso da shi. Mai haɗa jabu ba ya ɓata lokacinsa kan irin wannan.

Inda gardamar take

Duk wanda ya saba da kayan lantarkin Amurka na wancan zamani, abin da yake fara nema shi ne bayan bolum, wato ɗan gwangwanin nan mai murɗawa da ke ƙara ko rage sauti. Kamfanonin da ke yin su suna buga lamba a jiki: uku na farko na kamfani ne, sauran na shekara da mako. 137 na CTS ne, 304 na Stackpole, 134 na Centralab. A shekarun 1940 da 1950 lamba ɗaya tak ake ba shekara, daga wajajen 1960 aka koma lamba biyu.

Jitar na da bolum biyu, ɗaya na ƙara, ɗaya na daidaita kaifin murya. Na ƙarar yana ɗauke da 304731. Wato Stackpole, shekara mai ƙarewa da 7, mako na 31. Wanda ya sayar ya riga ya leƙa, ya karanta 1947, kuma a kan wannan ya kafa maganarsa. Ba ƙarya ya yi ba, 1947 na iya zama daidai, kamar yadda 1957 ma ke iya zama. Lambar ita kaɗai ba ta raba gardama.

Sai dai bolum ɗin da kansa ya ba da labari fiye da lambarsa. A bayansa akwai makunni mai ƙafa biyu da ba a haɗa su da komai ba, irin wanda ke yin "ƙas" idan aka murɗa rediyo don kunnawa. Jita ba ta da amfani da shi. Sandarsa doguwa ce aka guntule da zarton ƙarfe, bakin yankan a karkace. A ƙafafunsa uku akwai dalma iri biyu, tsohuwa da ta yi duhu a ƙasa da wata a kanta, kuma a ƙafa ɗaya har da guntun wata waya da aka datse aka bari. Daga cikin tsohuwar rediyo aka ciro shi. Ga mutumin da sana'arsa ke nan, akwatin irin waɗannan na ƙarƙashin teburinsa. Wanda ya gina sabon ɗaki ya sa masa ƙyauren tsohon gida, ba a lissafa shekarun ɗakin da na ƙyauren. Ko da bolum ɗin na 1947 ne, abin da ya tabbatar kawai shi ne ba a haɗa jitar kafin 1947 ba.

Na biyun yana ɗauke da 1376218: CTS, 1962, mako na 18, wato wajajen farkon watan Mayu. Nan mai jitar ya ce, to ai sauƙi ne, na asalin ya lalace aka canza shi a 1962. Hujja ce mai kyau, domin bolum na cikin abubuwan da aka fi canzawa a tsohuwar jita, don haka aka tsaya a kanta fiye da ko'ina.

Abu uku aka duba. Na farko, ko jitar ta fara ne da bolum ɗaya aka ƙara na biyu daga baya. Ba haka ba ne: ramin ciki an fafe shi da faɗin guda biyu tun farko, jan fentin jiki ya gangara ya rufe bangonsa gaba ɗaya a shafa ɗaya, kuma huda biyun da ke faifan fomika na fuska iri ɗaya ne, da ɗan tsagewa iri ɗaya a bakinsu. Na biyu, sawun da washa mai haƙora ke bari a bayan faifan. Idan an taɓa cire wani aka sa wani, za a ga zobe biyu da suka hau juna, ko inuwar gwangwani mai wani girma dabam. Zobe ɗaya ne, kuma ya zauna daidai da haƙoran washar da ke wurin. Na uku, dalma. Ƙafafun CTS ɗin sau ɗaya aka taɓa su, wayar da ta haɗa shi da na ƙarar guda ce ba ƙari, kuma dalmar da ke ƙarshenta biyu launinsu ɗaya, ƙurar da ta kwanta a kansu ɗaya, har ƙonuwar da bakin ƙarfen soda ya yi wa rigar wayar iri ɗaya ce. Zama ɗaya aka yi aka haɗa su. Saboda haka ba a gama wannan jita kafin Mayun 1962 ba.

Ƙa'idar da ake bi ke nan a jitar gida: ba mafi tsufan abin da ke jikinta ake nema ba, mafi ƙuruciyar abin da aka tabbatar yana nan tun ranar farko ake nema. Masu sayarwa kan yi akasin haka, wani da gangan, wani don bai sani ba.

Hoton ya ba da ɗaya iyakar. Ɗakunan wanke hoto na Amurka a wancan lokaci sukan buga wata da shekara a farin gefen takarda, kuma wannan na ɗauke da Agustan 1963. Ranar wankewa ce, ba ranar ɗauka ba, fim na iya kwana a kyamara wata da watanni. Amma ba a wanke hoton abin da bai wanzu ba. Jitar da ke hoton ita ce, ana gane ta da tudun da ke ƙahon ƙasa inda zarto ya ɗan kauce. An haɗa ta ke nan tsakanin Mayun 1962 da Agustan 1963.

Fikof biyu, zamani uku

A hoton fikof ɗaya ne, wato na'urar maganaɗisu da ke ɗaukar motsin tsirkiya ta mayar da shi lantarki. A hannunmu biyu ne. Na kusa da jaki ɗan Japan ne, irin mai fuskar takardar zinare da aka sani a jitocin Teisco na shekarun 1960. Raminsa an yanke shi ne ta cikin fenti, katakon tsirara, bakin fentin ya ɓaɓɓalle. Wayarsa mai rigar roba ce, sukurorinsa masu kan gicciye, alhali sauran na jitar duk masu tsaga ɗaya ne. (Kan gicciye shi kaɗai ba hujjar sabunta ba ne, tun shekarun 1930 ake amfani da sukurun Phillips a masana'antar mota. Bambancinsa da 'yan uwansa ne ya sa ya zama hujja a nan.) Wannan ƙari ne na baya, ba wata muhawara.

Na kusa da wuya shi ne abin kallo. Da hannu aka naɗa shi a kan firam na baƙar roba mai tauri, naɗin bai kwanta daidai ba, ya tattaru a gefe ɗaya, an rufe shi da tsumman tef da ya bushe ƙamas. Mitar auna lantarki ta nuna om 2,700, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta. Fikof ɗin Stratocaster kan kai wajen om 6,000, da naɗi kusan 8,000 na waya mai lamba 42, siririya kamar gashi. Wannan wayarsa ta fi kauri, irin wadda ake warwarowa daga cikin taransifoma. Maganaɗisun sandar ƙarfe ce mai ɗan ƙyalli. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗora bakin wayoyin mitar guda biyu a kansa. Alniko, wanda aka fara samarwa a shekarun 1930, ƙarfe ne, yana wuce wuta. Na yumɓu, baƙi-baƙin nan da ya yaɗu daga shekarun 1950, ba ya wucewa. Da za a ga mai sheƙin azurfa da ƙarfin tsiya, irin na niyodimiyam, to an shigo shekarun 1980, sai a fara tunanin jabu. Wannan alniko ne.

Faifan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yana da huda huɗu da ba su dace da komai a jikin wannan jita ba, kuma a gefensa akwai ragowar fenti mai ruwan toka, ba ja ba. Wayarsa mai rigar zare ce, gajeriya, an ƙara mata tsawo da wata. Fikof ɗin ya taɓa zama a jikin wani abu kafin nan. Da mai jitar ya sake tuntuɓar magadan, ba kan shekara ba, kan yadda tsohon ke kaɗa ta, sai babbar 'yarsa ta ce tun tana ƙarama ta san shi yana ɗora ta a cinya yana jan ɗan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyi. Wannan jitar Hawai ce, wadda ake kwantarwa. Ita masu ƙirar gida suka fi farawa da ita a shekarun 1930 da 1940, domin ba ta bukatar firet na gaske, katako ne miƙaƙƙe da tsirkiya da fikof. Jitar lantarkin farko da ta shiga kasuwa ma, Rickenbacker ta 1932, irin ta ce. Tamu kuwa tana da maɓallan rataya a kafaɗa, tsirkiyoyinta a ƙasa-ƙasa don yatsa. A ganina 1948 ɗin da iyalin ke riƙe da ita ta waccan ta farkon ce, wadda aka farke aka ɗauki fikof ɗinta. Jita biyu suka zama ɗaya a bakin jikoki. Wannan hasashe ne mai ƙarfi, kuma a matsayin hasashe aka rubuta shi a takardar jitar.

An kuma duba yiwuwar cewa wani ne a 'yan shekarun nan ya tattara tsofaffin kaya ya haɗa don ya sayar, domin ana yi. Tsatsar sukurori ta rina cikin hudarsu, fentin ƙarƙashin faifan fuska ja ne jawur alhali na waje ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, tsagewar fenti ta bi layin katako ba ta bazu daidai wa daida ba kamar wadda ake yi da feshin sanyi, kuma zaizayar firet tana wuraren da mai kaɗa sauƙaƙan waƙoƙi ke dannawa, daga na ɗaya zuwa na uku. An ɗiga asiton a wani lungu cikin ramin wuya, fentin ya yi laushi nan take, alamar tsohon fenti ne mai narkewa, ba mai taurin roba na baya-bayan nan ba.

Abin da aka yi da ita

Mai jitar bai ji daɗin sakamakon ba, kuma abu na farko da ya faɗo masa shi ne a cire fikof ɗin Japan, a toshe ramin, a mayar da ita yadda take a hoto. Na ba shi shawarar ya bari. Toshiyar za ta fito ko yaya aka yi, sabon fenti zai ɓata hujjar da aka dogara da ita, kuma ƙarin nan ma ya haura shekara 50 a jikinta, wataƙila hannun mutum ɗaya ne ya yi duka. Wani ya ce masa ya wargaza ta ya sayar da kayan ɗaya-ɗaya, tunda fikof masu fuskar zinare suna da masu nema. Da yawa daga jitocin gida haka suka ƙare, musamman waɗanda aka yi sa'a ko rashin sa'a maƙerinsu ya sa musu fikof ɗin Gibson ko DeArmond. Ya ƙi, kuma na ga ya kyauta.

Ba a taɓa dalma ko ɗaya ba. Bolum na ƙara yana ƙarar yashi, aka fesa masa ruwan wanke lantarki ya lafa. Jitar na gurnani idan aka haɗa ta da amfilifaya domin maƙerin bai ja wayar ƙasa zuwa jaki ba, sai aka maƙala siririyar waya ƙarƙashin sukurun jakin, yadda za a iya zare ta ba tare da ta bar tabo ba. An ɗauki hoton kowace lamba da kowace huda kafin a rufe, aka haɗa da hoton 1963 da bayanin 'yar tsohon a ambulan ɗaya cikin akwatinta. Da yake wuyan ba shi da ƙarfen miƙewa kuma ya riga ya ɗan ranƙwafa, an sa mata tsirkiyoyi marasa kauri, ana kuma sassauta su idan za a ajiye ta na dogon lokaci.